Wayar Da Ba Ta San Suruki Ba

"Lahiya lau, in ji masu lahiya. Shigo mana, angon da bai taɓa cefane ba."

Haka Inna Lami ta amsa sallamar jikanta Lukuman, tana zaune a rumfar gidanta na Tsafe, hannu ɗaure da karan ɗori. Lukuman ɗin nan, shi da abokan aikinsa a Gusau suka ƙera manhajar waya mai tuna wa masu ciwon suga lokacin shan magani, kuma kakarsa ya fara saka wa. Yau ya zo lallashinta ta koma taron jin ra'ayin marasa lafiya. Ita kuwa ranta a ɓace yake, ɓacin da wasa bai iya rufewa.

"Amarya, ke da wa kika yi dambe? Ko mijin wata kika je ƙwace?"

"Da ɗiyarka na yi, wagga mai baƙin surutu da ka jefa min cikin waya. Ta fi ka rashin kunya, kuma da wuya a fi ka."

"Haba tsohuwa! Likita na ba ki kyauta. Shiri za ki yi, jibi akwai taro a otal."

"Taro? Irin na bara? Kun tara mu, masu ciwon suga, kun ajiye mana lemun kwalba da kek! Ka ce in riƙe waya in yi murmushi, anka ɗauki hoto, anka ce mun ba da shawara. Wace shawara? Ko tarina ba ku saurara ba."

"Ai haƙoran naki ne suka ɓata hoton, da kin fito a allon talla."

"Haƙorana sun ga kakanka, wanda ya fi ka kyau har a cikin likkafani."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Kai, har yanzu in ta tuna yadda hannun ya karye sai ta ji kamar ta haƙa rami ta shige.

"Bungudu na tahi gaisuwar rasuwa, gidan mijin ɗiyata ta fari. Ina zaune cikin mutane ɗiyarka ta kwarma ihu: a sha magani! Don ta yi shiru na haɗiye."

"To ai daidai ta yi. Sai ki bi shi da abinci."

"A gaban wa? Anka kawo tuwo, ga surukina durƙushe bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa. In buɗe baki in kai loma yana kallo? Ni Lami?"

"Kunya ba ta cikin lissafin likita, amarya."

"Shi ya sa likitan naku ya kusa kashe ni. Zufa ta karyo, jiki na rawa, na miƙe in nemi lungu, sai ƙasa. Kallabi can, ni can, hannu ya karye. Surukin da shekara da shekaru bai taɓa ganin tafin ƙafata ba, shi ya ɗura min ruwan suga a baki. Gidan makoki ya koma kallon Lami."

Lukuman ya sauko daga kujera. Ya zauna ƙasa kusa da tabarmarta.

"Na faɗi, Inna. Ba mu tambaya ba. An fasa taron otal. Ni zan zo nan, ki tara min tsofaffinki, ku faɗa, mu gyara."

"Sai da na karye kunnenka ya buɗe. Mijin banza."

Ta kwance bakin mayafinta da haƙori, inda yanzu take ƙulle dabino saboda irin wannan rana. Ta jefa masa guda.

"Ungo, toshinka ke nan, kada ka ce ban taɓa ba ka komi ba."

"Me za a fara gyarawa?"

Ta tura masa wayar.

"Kafin ta ce a sha magani, ta fara tambaya: kin ci abinci? Tun da kakanka ya rasu babu wanda ya yi min wagga tambaya. Har da kai."