Fawa-bankin Mai Girma Ya Sha Rana

Jama'a, yau ma na kunyata kaina. Shugabar wata makaranta ta ce za ta kira ni da azahar kan ɗinkin kayan ɗalibai, in ban ɗauka ba, ta ba wata aikin. Wuta kuwa, tun da Masu Girma suka yi alƙawarin ba za a ƙara ɗauke ta ba, ba a kawo ba balle a ɗauke. Sun cika magana, Allah ya saka.

Ban damu ba, ina da fawa-bankin da Mai Girma Uban Marasa Caji ya raba mana, hotonsa a gaba, gilashin sola a baya. Kullum nakan shanya shi a kan rufin kwano. Maƙwabciyata takan leƙo ta ce, "Ƙanwata, a juya shi, kar ya ƙone ta gefe ɗaya."

Yau na jona waya, ko ƙyaftawa bai yi ba. Na kai wa mai gyara, na tsaya ina ta ba mutane hanya, don cewa "ni ce a gaba" ya fi mini ɗinkin kwat wuya. Da ya karɓa, ya sa farce ya ɓare solar. Ashe sitika ce.

Ya ce, "Baiwar Allah, wa ya ce ki gasa shi?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce cikin batirin litiyam gida biyu ne, kowanne da ƙananan ɗakuna da lunguna. Caji yakan bi lungu ya tashi daga wannan gida ya tare a wancan. In kayan kirki ne, lungunan a buɗe suke. Zafi kuwa yakan sa datti ya toshe ƙofofi, bango ya tsage, sai caji ya yi cincirindo a waje.

Na ce a hankali, "Kamar layin mai?"

"Kamarsa. Sai dai naki, da ma gidan man babu mai."

Azahar ta kawo jiki, waya a mace. Haka na taka har ofishin shugabar, ni da ko gaisuwa sai na yi gwajinta a hanya. Ta ce ta kira ba ta same ni ba, har ta nemo lambar wata. Na ce, "To ga ni." Ta dube ni, ta yi dariya, ta miƙo yadin.

Fawa-bankin yanzu shi ke danne mini yadi in ina yanka. Kar wani ya ce Mai Girma bai tallafa wa sana'ata ba. Nauyi kam, yana da shi.