Yadda Za Ka Zama Gwanin Nahawun Holanci Kafin Jirgi Ya Kai Lyon

Kai mai neman aure, matso kusa. Dabarar nan tabbas ce, ba ta taɓa faɗuwa ba, sai dai mai ita ya faɗi. Na gwada ta a kan Nouhou, mai butik ɗin salula a unguwar Barbès ta Paris, wanda ya kamu da son Mardiya, ɗalibar da ke bincike a Lyon kan yadda Ingilishi ke kutsawa cikin nahawun Holanci. Ya ce mata shi ma fagensa ke nan. Ta ce to, ya zo gida ya gaida iyaye.

1. Kada ka koyi Holanci. Ilmi yana rage wa mutum ƙarfin hali.

2. Haddace jumla guda a jirgin ƙasa. "Ingilishi ya ɓata komai." Faɗe ta da ajiyar zuciya, kamar mai ta'aziyya. Da Alhaji Abdourahamane, mahaifin yarinyar, ya tambayi me aka ɓata, Nouhou ya ce, "Aikatau mana, Baba! Da yana zaune a ƙarshen jumla da mutuncinsa. Yanzu ya taso gaba, ba kunya." Alhaji ya yi salati.

3. Binciki dangi tukuna. Wannan matakin Nouhou ya tsallake. Ana zuba shinkafa sai ga Hajiya Batula, gwaggon Mardiya, wadda ta daɗe tana zaman aure a Rotterdam ta ƙasar Holan. Ta dube shi, ta saki Holanci kamar famfo.

4. Kada ka yi shiru. Nouhou ya ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, naki Holancin Ingilishi ya cinye shi. Ni na asali na karanta."

"Ɗan nan," in ji ta, "cewa na yi hannun rigarka na cikin miya."

5. Jure dariya. Alhaji ya yi ta har ya shaƙe. Da Mardiya ta raka Nouhou tasha ta ce, "Ai na gano ka tun ran da ka ce Holan na maƙwabtaka da Kanada. Ka dawo Juma'a."

Sai dai Gwaggo ta kafa sharaɗi: ba ɗaurin aure sai ya gaishe ta da Holanci, kowane harafi daga maƙogwaro. Yanzu kullum yana kakari, maƙwabta na kawo masa maganin tari.

Gargaɗi: In aka kore ka, ko muryarka ta dishe, ban san ka ba. Ni kaina da tafinta na nemi aure.