Maɓallin da Ya Hana Ni Aikin Gidan Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Kalkuleta na Quillmark, gatan ɗalibai, wanda kayansa ba sa kuskure sai dai yatsan mai saye ya yi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga masu ilimi, yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba kowa Allah ya ba basirar ɗaukar abin da ke aiki lafiya lau ya yi ta gyara shi har ya daina ba. Ku kam an ba ku, kuma ba ku yi rowa ba.

Sunana Cleophus Tarver. Shekara ashirin da shida ina sayar da kayan gwanjo a kasuwar Asabar ta birnin Toledo. Tsayuwa kan siminti cikin sanyi ta cinye min gwiwa, likita ya ce sai tiyata, ni kuwa ba ni da inshorar lafiya. Ma'aikatan gidan ruwa suna da ita, amma ba a ɗaukar mutum sai ya ci jarrabawa. Wata takwas na yi ina karatu a teburin cin abinci. Da maki saba'in ake ci, na samu sittin da takwas. Ga gudummawarku:

1. Da lissafin logarizim ake gane tsamin ruwa. Tsohuwar kalkuletarku, wadda na tsinta a kwalin wani marigayi injiniya, mai tarbiyya ce: ka rubuta lamba, ka danna maɓallin LOG, amsa ta fito. Haka ma ake yi a kasuwa, sai an ɗora kaya sikeli ke magana. A ƙofar ɗakin jarrabawa aka karɓe ta, aka miƙo min sabuwarku, wai ita kaɗai aka yarda da ita. Ashe ita LOG ake fara dannawa, lamba ta biyo baya. Don Allah wane shehin malami ne a cikinku ya yi mafarkin a auna kaya tun ba a kawo su ba?

2. Duk dannawar da na yi, sai ta rubuto min cewa na yi kuskure. Wane kuskure? Shiru. Ko matata Vernita in ta ce na yi laifi takan faɗi laifin, har da ranar da na yi shi. Na ɗaga hannu, mai tsaron jarrabawa ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Yallaɓai, ni agogo aka ce in duba." Tambaya huɗu na bari fayau, kowacce maki biyu, kuma duka na san hanyarsu. Ɗaya tak ta ishe ni.

3. Na jinjina wa littafin bayaninku. Shafi ɗari biyu da goma sha biyu, harshe biyar, asirin kuma kun adana shi a shafi na 147, da rubutun da sai an ari idon shaho. Madalla da riƙon amana.

4. Na buga muku waya. Kun sa min kiɗa na minti arba'in kyauta, na gode, sannan wata murya mai zaƙi ta ce, "Ai kowa ya san haka." Na zaga kasuwarmu kaf, daga Otha mai zuma har Misis Kowalczyk mai labule, ban samu wannan Kowa ba. A wace unguwa yake zaune?

5. Wannan ya fi ciwo. Vernita ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Tsoho, ba kai ne ka sayar wa mutum rediyon da ba ya magana ba, ka ce masa kunya gare shi? To ga ɗan akwati ya rama masa." Ranka ya daɗe, ni aƙalla na bar mutumin ya jijjiga rediyon kafin ya tafi da shi.

Ban yi fushi ba, wane ni. Na sayi sabuwar, kullum da safe ina horar da yatsan da ya shekara hamsin da huɗu yana bin hankali, ya koyi bin naku tsarin. A watan Yuni zan sake zama, in gwiwa ta kai ni.

Naka mai biyayya, mai durƙusawa da gwiwa ɗayar da ta rage,

Cleophus Tarver
Rumfa ta 31, kusa da mai gasa masara

Af, na manta. Na ga tallarku cewa a watan Afrilu za ku fito da wata sabuwa fil, wadda ta fi wannan sauƙi, kuma ita za a raba mana a watan Yuni. Ita kuma, ranka ya daɗe, ta ina ake fara dannawa?