Ranar da Na Sa Dattawan Nassarawo Fiddo Harshe

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan Bappana, ɗan'uwan Babana, a Nassarawo ba. Lokacin yaƙin basasa bai jima da ƙarewa ba, ni kuma ban fi wata biyu da dawowa Mubi daga kwalejin horon malamai ba, kaina cike da ilmi har yana zuba. (Biro uku ne a aljihun rigata, biyu ba sa rubutu.)

A kwaleji an koya mana ilmin gadon halitta, wato yadda ɗa ke ɗauko kamanni wajen iyaye, tun daga tsawo har wasu cututtuka. Malaminmu ya kawo misali da harshe. Wasu suna iya naɗe nasu gefe da gefe ya zama kamar indararo, wasu kuwa ko za su wuni suna fama ba zai naɗu ba. Ya ce in uwa da uba duk ba sa iyawa, ɗansu ba zai iya ba. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa. Sai bayan shekaru na ji ashe maganar ba haka take kai tsaye ba, amma a lokacin na riƙe ta hannu bibbiyu.

An raɗa suna, an shafa fatiha, an raba goro, maza na zazzaune kan tabarmi a ƙofar gida. Hira ta gangaro kan jariri, wannan ya ce hancin uban ne, wancan ya ce goshin kakan ne. Ba wanda ya tambaye ni. Na gyara murya na ce ai yanzu an bar cinta-cinta, akwai hanyar kimiyya. Na zaro harshena na naɗe shi, na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu.

Abin mamaki, sai suka biye mini. Ka ga masu furfura, wasu da rawani, kowa ya zaro harshe ja wur da goro yana hararar na maƙwabcinsa. Liman kaɗai ya ce shi ya yafe, amma na gan shi ya juya baya yana gwadawa cikin hannun riga. Daɗi ya kama ni, na ji ni ne hasken unguwa.

Aka zo kan Babana. Ya gwada sau biyu, harshen ya fito a shimfiɗe ya koma a shimfiɗe.

Na ce, "To kun gani. Baba ba ya iyawa, ni ina iyawa, ke nan wajen Dada na gado. Dole ta iya."

Dada ita ce mahaifiyata. A wurin akwai Jauro Buba, wani tsohon makiyayi abokin Baba da ya zo daga Sahuda. Ya karkato kai ya ce, "In kuma Dadan naka shi ma bai iya ba fa?"

"Ba zai yiwu ba, Bappa Jauro."

"Na ce in bai iya ba."

Da mai hankali ne sai ya ɓare goro ya cika baki. Ni kuwa na ɗaga yatsa kamar ina gaban allo na ce, "To sai dai in ɗan ba nasu ba ne."

Ashe Goggo, ƙanwar Baba, tana bayana da ƙwaryar kunu. Ta dire ta shige cikin gida. Muka jiyo shewar mata da dariya, ina ta murmushi ina jiran a zo a tabbatar da littafi. Can sai dariyar ta ɗauke. Goggo ta fito ta tsaya bakin zaure ta ce, "An gwada. Na Dadan naka ma ba ya naɗuwa."

 Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. A nan ne hankalina ya dawo: da bakina, gaban Liman da baƙi, na shimfiɗa mutuncin uwata a tabarma. Kunya da tsoro suka rufe ni, gumi ya jiƙa rigata sharkaf.

Jauro Buba ya yi ƙoƙarin ceto na. Ya ce, "Yaro, ni ban shiga aji ba. Amma farin saniya da farin bijimi ya taɓa haifa min jan maraƙi. Kakan ne ja. Jini yana ɓuya, yana fitowa." Dattawa suka gyaɗa kai, amma ba wanda ya dube ni.

Sai muka ji takun Dada a zaure. Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma nuna nata ne a gaban mutane. Tun tasowata "wancan" nake a bakinta. Ranar, daga bayan ƙyaure, ta kira sunana tiryan-tiryan.

Ta ce, "Ni na haife ka, a ɗakin can. Ubanka kuma ga shi nan zaune. Mai da harshenka baki, ka zo ka kwashe ƙore."

Liman ne ya fara tuntsirewa da dariya, sauran suka bi, har Baba ya ɗan murmusa. Ni kuwa na tashi na kwashe ƙoren kunu da hawaye a idona. Shekara ashirin da uku ina ƙishin jin sunana a bakinta, ga yadda na same shi. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ba ta haƙuri, ta yi kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata ba.

Na yi shekaru ina koyar da darasin nan a aji, amma da wake da masara nake misali. Su ko lissafi ya ƙwace maka, ba su da Goggon da za ta shiga gida ta tambayo.