Honorabul Burgu da Sandar Majalisa

A shekarar da damina ta wuce gona da iri, dajin Tsamiya Bakwai ya shiga uku. Gadar Rafin Kada ta ruɓe, katakon tsakiya ya zube. Kullum iyaye ke tsallakar da 'ya'yansu makaranta ta gefe-gefe, gaba na faɗuwa, don Kada na kwance a ƙasa, baki buɗe.

Wakilin yankin a majalisar jiha shi ne Honorabul Burgu. Da riƙon jakar kansila ya fara. Ya shiga majalisa a Jam'iyyar Masu Ƙaho, shi da ba shi da ƙaho ko na rantsuwa. Da iska ta juya ya koma Jam'iyyar Masu Farce, har ya zama shugaban masu rinjaye. Gadar nan kuwa sau huɗu yana buɗe ta. Duk zaɓe sai a shafa mata farar ƙasa, a ɗaura ƙyalle a bakinta, ya yanka, ya yi jawabi, ya juya. Jawabi kam Allah ya ba shi. Ko kaji uku ya gani kan tsaba, sai ya tsaya ya gyara murya.

Ran nan ya shiga zauren majalisa, ya tarar Kura, kakakin majalisa, tana yi masa murmushi. Ya nemi kujerarsa ya zauna a ɗarare.

Dila ya miƙe. "Ranki ya daɗe, saboda ƙaunar da muke wa ɗan'uwanmu Honorabul Burgu, da tausayin gajiyarsa, ina roƙon majalisa ta hutar da shi daga kujerarsa."

"Na goyi baya!" in ji Ungulu, tana share ƙwalla.

"Wace gajiya?" in ji Burgu. "Dila, ba jiya muka ci a akushi ɗaya ba?"

"Jiya ke nan, maigida."

To, dokar zauren ita ce, ba a yanke hukunci sai sandar majalisa na kan tebur. Burgu ya fi kowa sani, da ita ya tsige mutum uku. Kafin Kura ta ce a ɗaga hannu, ya yi tsalle ya cafe sandar da haƙori, ya fice ta taga. Gafiya, tsira da na bakinki!

Yana gudu yana dariya a ciki. Ba sanda, ba tsigewa! Ya nufi mazaɓarsa, inda ya tabbata ana mutuwar sonsa. Ya hau gada a guje, bai san da ramin tsakiya ba, don duk buɗewar nan huɗu bai taɓa taka ta ba. Sai ji ya yi ƙasa ta ɓace. Sandar ta gitta ramin ta maƙale, shi kuma ya rataye a jikinta da haƙori, wutsiya na reto.

"Maraba da Honorabul," in ji Kada daga ƙasa. "Ni ma kai na zaɓa."

Lokacin tashi daga makaranta ne. Iyaye da yara suka cika gaɓa biyu maƙil. Malam Duna, wani jaki da ya zo ɗaukar 'yarsa, ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, riƙe da kyau! Don Allah kada ka ce komai, ga igiya nan tafe!"

Burgu ya juya ido. Kai! Tun da ya fara siyasa bai taɓa tara jama'a haka ba, kuma ba a ɗauko kowa a mota ba. Maƙogwaronsa ya soma ƙaiƙayi. Ya daure. Sai Biri, tsohon ɗan kirarinsa, bakin da ya saba ya ƙwace masa: "Sai Burgu! Sai ka yi!" Yara suka amshe, suna tafi.

Ina! Burgu ya ja numfashi. "Ya ku jama'ar Tsami..."

Kada bai ce uffan ba. Mai tarbiyya ba ya magana da abinci a baki.

Malam Duna ya taka sandar da kofato, ya ji ta gam, ta icen ƙirya ce. Aka jera katako a kanta aka ɗaure da igiyar da ta iso a makare. 'Yarsa ce ta fara tsallakowa, shi kuwa sai da ta dire ya saki numfashi.

Washegari Kura ta aiko Dila karɓo sanda. Duna ya nuna masa ƙarƙashin gada, ya ce, "Bismilla, sauka ka ciro." Dila ya leƙa, Kada ya ɗaga masa gira.

Har yau majalisa ba ta sake zama ba. Mai girma Gwamna Zaki bai ma lura ba. Yaran dai suna isa makaranta da wuri.