Fil Ɗin da Ya Mayar da Amarya Gida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai amaryar abokina Isufu ba, kuma ko na so in manta, 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Sai na fara da bayanin ciwona. Akwai wani wasan bidiyo da nake bugawa a tele in na taso daga biro, wato wurin aiki, irin wanda kake zama jarumi mai takobi kana yawo ƙasashen dodanni da matsafa. Ni faɗan bai dame ni ba. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ɗan ƙaramin wasan da ke cikinsa na buɗe makulli. Za ka zura siririyar waya a ramin, ka juya a hankali, in ka kusa daidai sai manet ɗin da kake riƙe da shi ya yi rawa a tafin hannunka. In ka matsa da ƙarfi wayar ta karye, su ba ka wata. Na ƙware har babu akwatin sarki ko ƙofar kurkukun da ke gagara ta. (A zahiri kuwa, ko gwangwanin tumatir sai na nemi taimako.)

Isufu ya kama haya can hanyar Tondibia, abin da Gwaggo Mariyama, ƙanwar uban amarya, ba ta taɓa yafe masa ba. A cewarta an kai mata 'yarta Hadiza daji. Ranar kai amarya muka iso bayan la'asar, motoci cike da mata, ana guɗa. Sai muka tarar da ƙofar ɗakin, sabuwa fil ta ƙarfe, a kulle. Matan da suka yi jere da safe sun kulle, mabuɗin kuma yana jakar wata Tanti Zali da ta tsaya kasuwar Petit Marché sayen kayan yaji, cunkoson motoci ya riƙe ta.

Gwaggo ta sauko daga mota, ta dubi ƙofa, ta dubi rana.

"Isufu, 'yata ba mai talla ba ce da za ta tsaya a ƙofar gida. In aka kira magariba ba ta shiga ɗakinta ba, da ita zan koma."

Kowa ya san Gwaggo ba ta magana biyu. Aka kira Tanti Zali a salula, ta ce ga ta nan ta hau kabu-kabu, a yi haƙuri kaɗan. Abin da ya rage kawai mu jira. Amma ina! Ni ne babban abokin ango, ga 'yan matan amarya sun zuba ido, ga babbar rigata ta sha guga. Sai na ji bakina ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne. Wa ke da fil?"

Isufu ya jawo ni gefe. "Kai, ka taɓa yi kuwa?"

"Ba adadi," in ji ni. (Ban yi ƙarya ba. Bai dai tambaye ni a ina ba.)

Wata ƙawar amarya ta cire fil ɗin mayafinta ta miƙo mini. Na miƙar da shi da haƙori, na naɗe hannun riga, na durƙusa. Na zura, na juya a hankali, na kasa kunne. Wallahi jira nake ƙofar ta yi rawa a hannuna. Ƙofa ta yi shiru. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Allah sarki, ashe yaron nan har sana'ar hannu gare shi." Wannan yabon ne ya ƙarasa ni. Na ƙara ƙarfi.

Ƙas!

Rabin fil a hannuna, rabi a cikin makulli. Ban ko tashi daga durƙuson ba sai ga kabu-kabu ya tsaya, Tanti Zali ta diro tana haki, tana kaɗa mabuɗi sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Ta sa mabuɗi, ya ƙi shiga. Ta juya shi, ya ƙi. Ta leƙa ramin, sannan ta juyo.

"Wane ɗan albarka ne ya cusa ƙarfe a nan?"

Nan take hannuwa suka nuno ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Aka ruga neman mai walda, aka same shi zaune yana fifita, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwar tun azahar. Muna cikin haka ladan ya kira salla. Amarya, wadda ta yi kukan rabuwa da gida tun daga cikin gari har hawayen suka ƙare, ta gyara lulluɓinta ta koma mota da ƙafarta. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai dube ni ta ce, "Sannu da aiki, ɗana."

Ango a ɗakina ya kwana, tunda kayansa duk suna bayan waccan ƙofar. Da muka shiga ya zauna bakin katifa da babbar rigarsa. Can ya nuna tele.

"Kunna in ga abin da ya raba ni da matata."

Na kunna, na kai jarumina gaban wani akwati. Ina zura waya, ta karye. Nan take wata sabuwa ta fito. Isufu ya gyaɗa kai.

"To, ka gani. Su nan suna ba ka wata."

Washegari kuran ya dawo, aka yanke makulli, dattawa suka je ba Gwaggo haƙuri, aka sake kai amarya. Ni an ba ni aikin gadin takalma.

Yanzu 'ya'yansu Tonton Makulli, wato Kawu Makulli, suke kirana, ba su ma san sunana na yanka ba. Har yau ina buga wasana, amma na koyi cewa duk ƙwarewar da aka samu a zaune, a bar ta a zaune. In na je gidansu kuwa, tun kafin in ɗaga hannu Hadiza ke buɗe ƙofa.

"Shigo, shigo," in ji ta. "Kada dai ka taɓa."