Jan da Ya Gudu daga Jadawalin Hawan Jini

"Lafiya lau, amarya. Miƙo makullin kekena tukuna, sai mu ƙarasa gaisuwar."

Haka na tari jikata, ma'aikaciyar jinya, da ta shigo falo ko jaka ba ta ajiye ba. Wata guda ke nan makullin yana hannunta. Likita ya ce ni da keke sai jinina ya sauka, ita kuwa ta shirya mini jadawali a kwamfuta, ta kafa masa doka: duk awon da ya haura ɗari da arba'in, gurbinsa ya koma ja. Na juyo mata kwamfutar. Fari fat, mako uku babu ja.

"Tsoho mai ran ƙarfe, wannan ɗari da sittin ɗin fa? Wanka ka yi masa?"

Na ce ko na'ura ta san girman furfura, ba kamar wasu ba. Na tuna mata tun ba a haifi ubanta ba nake tuƙa keke babu hannu. Ta ce shi ya sa haƙoran gabana suka riga ni ritaya.

Ta buɗe wurin dokar, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Dokarta guda ɗaya ta tsage gida goma sha tara, kowane yanki yana gadin layi biyu ko uku. Ta tambayi yadda nake shigar da awon. Na yi mata bayani dalla-dalla: a makarantarmu ta mishan ba a taɓa babban littafi sai an yi gwaji a gefe, wanda ya saɓa ya sha rula. Don haka nakan rubuta a wani shafi daban, in duba sau biyu, sannan in kwafo in manna.

"Ai har da farin kake kwasowa, angona! Duk mannawa sai ka huda dokar. Garin neman gira ka rasa ido."

"Abin da babba ya hango yana zaune..."

"Ban da ja."

Ta haɗe dokar, ta shimfiɗa ta daga sama har ƙasa. Shafin ya yi jajir, kamar an yi ɓarin tawadar hedimasta. Na goge tabarau na ƙirga sau biyu. Goma sha huɗu. Dariya ta ƙwace mini.

Na ce ta riƙe makullin, amma gobe da safe ita za ta raka ni yawo a ƙasa, jama'a su ga irin jarabar da na aura.

"Zan zo," in ji ta, "sai dai ka biyo ni daga nesa, kada ka kore mini samari."